Jan Ɗigo a Hular Faiba

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin Sista, mai kula da magunguna, ta buɗe ɗakin sanyi. Maimakon sanyin da ya saba dukan fuskarta, sai ɗumi ya tarbe ta. Ta tsaya da makulli a hannu. Kwalayen allurar masu ciwon suga da na rigakafin yara suna jere a kan kantoci lafiya lau a ido, amma ta san duk sun mutu. Injin sanyin ya tsaya tun jiya. Ba yau ya fara tsayawa ba. Sai dai duk sanda ya tsaya, saƙo yakan shigo wayarta cikin minti biyu, ta zo ta tayar da shi. Jiya wayarta ba ta ce uffan ba.

Da ta fito ta ɗaga kai, sai ta ga dalili. Fararen farantan da ke manne a silin, masu ba ma'ajiyar magungunan waifai, wato intanet ɗin da saƙon injin ke bi, babu ko ɗaya mai wuta. A lungu ƙofar kabad ɗin wayoyi tana lilo, an ɓalle ta. Wayoyin jan ƙarfe da ke tashi daga kabad ɗin zuwa farantan, duk an yanke an janye.

Kafin ƙarfe takwas leburorin lodi sun kama ɓarawo. Haka dai suka ce. Dogo mai gwangwan suka samu a bakin kwatar bayan katanga, buhunsa cike da shuɗiyar waya. Ba su tsaya tambaya ba. Da kyar Manaja ta ƙwace shi a hannunsu, baki na jini, ta sa aka kulle shi a ɗakin mai gadi. Sannan ta ɗauki waya ta kira Mai Sawu.

*

Mai Sawu ba ɗan sanda ba ne, ko katin shaida ba shi da shi. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne, mutumin da zai dubi ƙasa ya gaya maka ɓarawon gurgu ne kuma yana sauri. Da ya rasu, ƙanen mahaifiyar yaron ya ɗauke shi ya koya masa aikin waya: ja, ɗauri, haɗa kai, gwaji. Sai ya haɗa idon uba da sana'ar kawu. In waya ta ɓace a cikin gini, ko sata ce ko ɓera, shi kamfanoni ke nema.

Ya iso a kan babur ɗinsa mai tari, ya tarar da tsakar ma'aikatar cike da direbobi da leburori, kowa da hukuncinsa a baki.

"A miƙa shi kawai! Kullum yana zagaye da buhu, ashe leƙe yake yi."

"Rigakafin yara fa! Wanda ya yi wannan ba shi da imani."

A bakin get wata mata na zaune a ƙasa da goyo, ba ta kuka, ba ta magana. Aka ce matar Dogo ce.

Manaja ta tarbe shi a tsaye. "Ƙarfe huɗu motar 'yan sanda za ta zo," ta ce. "Hedikwata na son suna kafin a tashi aiki. Ga mutum, ga buhu. Amma ni ba na son in miƙa mutum zuciyata na rawa. In ka samo wani abu kafin huɗu, to. In ba ka samo ba, shi za su ɗauka."

"Ranki ya daɗe, ya amsa laifin?"

"Rantsuwa kawai yake yi da abin da ya rage na bakinsa."

"Wa ya yi muku aikin wayoyin?"

Ta dube shi da mamaki. "Au, ba ka sani ba? Kawunka mana. Baba Injiniya. Wata biyu ke nan da ya gama. Yana ciki tun ɗazu, ko ruwa ya kasa sha."

*

Kawu na zaune a kan kwali kusa da kabad ɗin, hannuwa a kan gwiwa. Shekara talatin da biyar yana wannan aiki, kuma a duk faɗin garin babu wanda ya taɓa cewa an sake aikin da ya yi. Mai Sawu ya tsaya a gabansa. Tsohon ya ɗago ya dube shi kamar baƙo.

"Kawu, ina kwana?"

"A'a, ɗan Yaya, kai ne?" Fuskarsa ta ɗan saki. "Har yanzu ba ka sayar da babur ɗin nan ba? Tun daga kwana nake jin tarinsa."

"Shi ma ya ƙi sayar da ni. Kawu, sannu da wannan abu."

"Aikin sati uku, ɗan Yaya. Dubi yadda aka yi da shi."

"Faiba fa? Ta tsira?"

Faiba ita ce siririyar wayar nan mai zaren gilashi a ciki, wadda haske ke bi, ita ke haɗa ma'ajiyar da babban ofis. Kawu yakan duba ta kafin ya gaisa da masu wuri.

"Ban duba ba," Kawu ya ce. "Zuciyata ba ta ba ni ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki robar ruwa da ke gefensa, hannun ya wuce ta, sai da ya laluba. Mai Sawu ya gani, ya ce a ransa baƙin ciki ne.

Bai taɓa kabad ɗin ba tukuna. Ubansa ya koya masa a fara da ƙasa, don ita mutane ke fara tattakewa. Ya kori 'yan kallo, ya durƙusa. A ƙurar da ke tsakanin kantoci akwai shaidar ƙafafun tsani, huɗu-huɗu. An kafa shi nan, an ɗaga, an kafa can, ko sau ɗaya ba a kafa shi inda babu waya a sama ba. Ya nemi tsanin, ya same shi a jingine a mazauninsa. Ya hau ya ɗaga allon silin. Igiyoyin roba da ke ɗaure wayoyin, ɗaya bayan ɗaya aka yanke su, ba fizga aka yi ba. Kowane allo an mayar da shi gurbinsa.

Ya sauko ya dubi ƙofar kabad. An lanƙwasa ta da ƙarfe, gaskiya ne. Amma harshen makullin yana ciki, lafiyarsa ƙalau. An buɗe da makulli tukuna, sannan aka daki ƙofar.

"Wannan ɓarawo yana da ladabi," ya ce a hankali.



*

Mai gadin tsohon soja ne, kowa Sajan yake ce masa. Ya ƙame a gaban Mai Sawu kamar ana fareti.

"Sau uku na zaga jiya. Safe, rana, yamma. Ban ga kowa ba."

"Madalla. Sajan, ni jiya ban samu jin ƙwallo ba. Yaya aka tashi?"

"Biyu da ɗaya! Kuma wallahi alƙalin wasan nan ya cuce mu. Tun daga minti na farko har aka hura tashi, ina jinsa, babu abin da ya..." Sai ya tsaya. Kafaɗunsa suka sauko.

"Daga minti na farko har tashi," Mai Sawu ya ce. "Da sharhin bayan wasa?"

"Da sharhin." Ya share goshi. "Ɗana, kada ka kai ni gaba. Wajen ƙarfe biyu da minti goma talabijin ɗin kyamara ya yi baƙi. Na ɗauka halinsa ne, kwanan nan yana yi yana dawowa. Ban tashi ba. Amma ban haɗa baki da kowa ba, na rantse."

"Ƙofar baya fa?"

"A kulle na same ta da safe. Ta katanga ya tsallako."

"Su wa ke da makullinta?"

"Manaja, da Sista saboda injin nan, sai Baba Injiniya da aka ba shi lokacin aiki."

Mai Sawu ya zaga bayan ginin. Ya bi katangar taku-taku. Yanar gizo-gizo na nan a kan wayar samanta, ba wanda ya taɓa. A bakin ƙofar baya kuwa ga sawun tayar baro, ya fita da nauyi har bakin kwata, ya dawo fayau. Wanda ya yi aikin ya zubar da wayar a kwata, ya mayar da baro, ya kulle ƙofa.

Ɓarawon jan ƙarfe ba ya wahalar awa uku don ya ba kwata kyauta.

*

Dogo na zaune a ƙasan ɗakin mai gadi, dogayen ƙafafunsa a naɗe don ɗakin bai ishe su ba. Leɓensa ya kumbura, haƙori ɗaya babu. Buhun na gefe.

"Kai ma dukan za ka yi?" ya ce. "In shi ne, ka fara ta hagu, dama ta cika."

"Tambaya zan yi. Ina ka samu wayar?"

"A kwata. Tun safe nake faɗa. Kullum ta nan nake bi. Na gan ta a jibge, na ce yau Allah ya tuna da ni. Da na duba kuma sai na ga ba sosai ya tuna ba."

"Kamar yaya?"

"Ba ni wuƙa."

Sajan daga bakin ƙofa ya ce, "Wuƙa? Ga ɓarawo?"

Mai Sawu ya zaro 'yar askar fiɗar waya daga jakarsa ya miƙa. Dogo ya jawo waya ɗaya, ya feɗe shuɗiyar rigar, ya zare siriri ɗaya daga cikin takwas, ya kankare shi da bakin aska. Jan ya tafi. Abin da ya rage fari ne fat. Ya lanƙwasa shi sau biyu, ya karye.

"Ka gani? Alminiyam ce aka shafa wa jan baki. Jan ƙarfen gaske ko sau goma ka lanƙwasa yana nan. Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a, malam. In har zan yi satar da za ta kai ni gidan yari, ai na saci abin kirki. Wannan ɗauka na yi don kada in koma gida hannu biyu." Ya mayar da askar. "Na gaya musu. Suka ce ɓarawo har da iyayi."

Mai Sawu ya juya gutsuren a tafin hannunsa. Ya san irin wannan waya. A ido ba ta da maraba da ta gaske. Amma farantan silin ta cikin wayar suke shan wuta, kuma jabu ba ta jure wannan. Takan yi zafi, ta riƙa yankewa, wata rana ma ta kama da wuta. Kawu bai taɓa shimfiɗa jabu ba. Kowane kwalin waya ya saya, sai ya kankare bakinta a gaban mai shago.

"Matata na waje?" Dogo ya tambaya.

"Tana nan."

"Ka ce ta tafi gida, rana za ta dafa yarinyar. Ba za ta tafi ba, amma ka faɗa."

*

Kafin azahar magana ta juya a tsakar ma'aikatar. Wani direba ya tuna cewa Sista na da makullin baya. Wani ya ce ƙila ita ta yi sakaci da injin, ta shirya sata don ta rufe. Mai Sawu ya same ta a ɗakin sanyi tana jera matattun kwalaye a gefe guda.

"Na ji abin da suke faɗa," ta ce, ba ta juyo ba. "Jiya tun safe ina asibiti wajen mahaifiyata, ma'aikatan ɗakin duk sun gan ni. Ga wayata, duba. Ina riƙe da ita kamar jariri saboda injin nan. Da saƙo ya shigo, da ko a kan gadon mutuwa take sai na zo."

"Farantan nan suna ba ku matsala kafin jiya?"

"Sati uku ke nan. Wannan ya mutu, ya dawo, wancan ya ɗauka. Na gaya wa Baba Injiniya. Ranar Alhamis ya zo ya hau sama shi kaɗai, ya daɗe. Da ya sauko sai na ga kamar an yi masa rasuwa. Ya ce zai gyara kafin Laraba."

"Me ake yi Laraba?"

"Mai gwaji zai zo daga hedikwata. Waya ɗaya-ɗaya zai sa wa na'ura kafin a sa hannu an karɓi aikin."

Ta ɗaga wani ƙaramin kwali ta dube shi. "Wannan na asibitin yara ne. Yau da safe ya kamata ya tafi. Uwaye na can a layi."

*

Ya koma wajen kabad ɗin. Kawu ya fita, babu kowa. Akwatin rarraba layi, wanda duk wayoyin ke shiga, an kwance shi an jawo shi gaba don a samu hanyar zare jan ƙarfen. Mai Sawu ya kunna tocila ya leƙa bayansa.

Faiba na nan. Ba a yanke ta ba, ba a fizge ta ba. An zare ta a hankali, an naɗe ta da faɗi yadda ba za ta karye ba, an rataye ta a ƙugiya. A bakinta kuma an sa 'yar farar hula, irin robar nan da ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda ake rufe bakin gilashin da ita don ƙura.

Ya daɗe yana kallonta kafin ya sa hannu. Ya ciro wata hular daga jakarsa, ya zare waccan, ya maye gurbinta nan take. Sannan ya kawo ta gaban tocila. Ta tsufa, farin ya koma ruwan ƙasa. A samanta akwai ɗan jan ɗigo.

Ya zauna a kan kwalin da Kawu ya tashi.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya taɓa barin bakin faiba a buɗe, ya je shan ruwa. Kawu ya ƙwanƙwashe shi da gindin sukundireba a bayan hannu, ya ce, "Ko gobara ake yi, ka rufe bakin faiba kafin ka gudu." A wancan lokacin abokan aiki sun dami Kawu da ɗauke masa huluna. Sai wata ranar hutu 'yar Kawu ta kawo jan farcenta, suka zauna a tsakar gida su biyu, ita tana ɗiga wa hulunan, shi Mai Sawu yana jerawa a rana. Inna, matar Kawu, na yi musu faɗa za su ɓata mata tabarma. Tun daga ranar hulunan ke cikin wani ɗan gwangwani a aljihun gaban rigar Kawu.

Agogo ya ce uku saura kwata.

Hular ba ta da nauyin komai. Kwata na nan bayan katanga. In ya jefa ta, babu mai sani har abada. Zai ce wa Manaja aikin na wanda ya san waje ne, amma bai gano ko wane ne ba. Ita kuma za ta dubi agogo, ta dubi buhu.

Ya fito yana tafiya kamar mai zazzaɓi. A bakin get matar Dogo ta miƙe da ta gan shi. Ta juyo da goyon gaba, tana yi wa yarinyar fifita da gefen mayafi.

"Ya ce ki tafi gida," ya ce mata.

"Na sani zai faɗa. Malam, ka ga wani abu?"

Hular na cikin tafinsa, ya damƙe ta har tana huda shi.

Ya samu Kawu a inuwar ɗakin janareta. Ya tsuguna a gabansa kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Kawu, akwai abin da kake son gaya mini kafin ƙarfe huɗu?"

Tsohon ya daɗe yana kallon wani wuri bayan kafaɗarsa.

"Ka yi aikinka, ɗan Yaya," ya ce daga ƙarshe. "Ban koya maka barin aiki rabi ba."

*

Uku da rabi ya tara su a gaban kabad ɗin: Manaja, Sista, Sajan, Kawu, da Dogo da aka fito da shi yana ɗingishi. Leburori suka cika bakin ƙofa.

"Sajan ya yi laifi," Mai Sawu ya fara, "amma laifinsa rediyo ne. Sista na asibiti, na kira an tabbatar mini. Dogo kuwa ba shi ba ne. Wanda ya yi wannan aiki yana da makullin baya da na kabad, ya san inda kowace waya ta bi a cikin silin, ya mayar da tsani, ya mayar da baro. Sannan ya zubar da wayar a kwata, don ba ita yake so ba. So yake ta ɓace kafin Laraba, saboda jabu ce."

Ya kankare gutsuren waya ya miƙa wa Manaja.

"Duk wannan bai kama sunan kowa ba," Manaja ta ce. "Makulli ana iya yanka wani."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

Ya juya. Ya buɗe tafin hannunsa, ya ɗora hular a hannun Kawu.

"Kawu, a bakin faiba na sami wannan. Ɓarawo ya yanke komai, amma ya tsaya ya rufe ta. Ta wane ne?"

Kawu ya murza ta da yatsu. "Hular faiba ce. Fara. Kowane mai aikin kirki yana da irinta a aljihu."

"Babu komai a kanta?"

Ya kawo ta dab da hancinsa, ya juya ta, ya sake juyawa. "Babu."

"Baba," Sista ta ce a hankali, "akwai jan ɗigo mana. Ga shi nan a sama, daga nan ma ina gani."

Kawu ya shafa saman hular da babban yatsa, ya ji ɗan tudun. Sai ya yi wani ɗan murmushi da ya fi kuka ciwo.

"Ashe ɗigon yana nan har yanzu," ya ce.

Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da gwangwanin, ya buɗe, ya miƙa wa Manaja. Huluna ne cike, kowace da jan ɗigonta.

"Shekara biyu ke nan idona na tafiya," ya ce. "Ko matata ban gaya wa ba. Da hannu nake aiki, hannun ya san hanya. Ranar da na sayi wayar nan na kankare ta kamar kullum, a gaban mai shagon. Na duba, na ce ta yi. Ban ga farin ba. Shi ya ga ban gani ba. Ranar Alhamis na hau sama, waya ta karye mini a yatsa, na gane abin da na shimfiɗa muku. Na yi niyyar in zo ofishinki. Har bakin ƙofa na zo. Sai na tuna Laraba za a ce Baba Injiniya ya sa jabu, ko a ce Baba Injiniya ya makance. Na kasa zaɓar wadda zan ji. Na ce in an wayi gari an sace, sai in kawo ta gaske in sake aikin, babu wanda ya cutu."

"Babu wanda ya cutu," Sista ta maimaita.

"Kafin in fita na sa kunne a ƙofar ɗakin sanyi, injin na aiki. Na ce kwana ɗaya ne." Ya sunkuyar da kai. "Ba ni da abin cewa, 'yata."

Dogo ya matso, yana jan ƙafa. Ya fi kowa tsawo a wurin, sai da ya ranƙwafa.

"Baba, da safe, lokacin da suke dukana, kana nan?"

"Ina nan."

"Kana ji?"

"Ina ji."

"Ko tari ba ka yi ba."

"Ban yi ba. Ka yafe mini in za ka iya."

Dogo ya taɓa gurbin haƙorinsa da harshe. Ya dubi leburorin da ke bakin ƙofa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Yau dai ba zan iya ba," ya ce. "A ba ni buhuna. Ku zazzage kayanku."

Sajan ya zazzage wayar ya miƙa masa buhun da hannu biyu. Mutane suka dare. Daga nesa Mai Sawu ya hango matar ta miƙe, ta dubi bakin mijinta, ta kwance goyon ta ɗora masa a kafaɗa. Suka fita ba su waiwayo ba.

*

Huɗu da minti biyar motar ta shigo. Manaja ta fita ta tarbe su. Ya rage daga Mai Sawu sai Kawu a gaban kabad.

"Zan je gida in gaya wa Inna da kaina," Mai Sawu ya ce. "Sannan in biyo ka."

"Ka fara da maganar idon. Za ta fi jin haushin wannan, sauran sai ya zo mata da sauƙi."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Mai Sawu ya kama masa gwiwar hannu, tsohon bai ƙi ba. Sun yi taku uku sai ya tsaya cak.

"Ɗan Yaya. Hular nan da ka ciro ka kawo mini. Bakin faibar fa? A buɗe ka bar shi tun ɗazu?"

"Na sa tawa kafin in ɗaga, Kawu."

Bai yarda ba sai da ya koma. Ya zura hannu bayan akwatin, ya laluba har ya sami bakin wayar, ya ji hular a zaune daram. Ya gyaɗa kai sau biyu.

Sannan ya ɗauki gwangwanin daga inda Manaja ta ajiye shi, ya rufe, ya sa a aljihun gaban rigar Mai Sawu, ya danna shi da tafin hannu.

"Mu je," ya ce. "Ka riƙa gaya mini inda matakala take."